Timoti abokin tafiyar Bulus: yaro ne, ɗan aike ne, ko bishop?

Duk shekara idan makon matasa ya zagayo a ikkilisiyoyinmu, aya ɗaya ce daga wasiƙar Timoti ta farko ke cin kasuwarta. A buga ta a jikin riguna, a rubuta ta a allon sanarwa: kada kowa ya raina ka saboda ƙuruciyarka. Mai wa'azi ya miƙe ya ce Timoti yaro ne ɗan shekara 16 ko 17 da Allah ya ɗora a kan babbar ikkilisiya, matasa su yi ta tafi. A wani zauren kuma, inda ake gardamar muƙamai, sai ka ji an ce ai Timoti ne bishop na farko na Afisa, don haka kujerar bishop daga hannun manzanni ta fito. Ka leƙa Facebook, ka tarar wani ya jawo sunansa don ya kare shan giya, wai ai Manzo Bulus da kansa ya ce masa ya sha.

To wane ne wannan mutum da kowa ke ja zuwa nasa ɓangaren? Shekarunsa nawa lokacin da aka rubuta masa waccan ayar? Wane aiki ya yi, kuma wa ya rubuta wasiƙu biyun da ke ɗauke da sunansa? Tambayoyin sun shafe mu, domin da waɗannan wasiƙun ake yanke hukuncin wanda zai zama fasto, wanda zai zama dattijo, da ko mace za ta hau mumbari. Ko makwabtanmu Musulmi sun san sunan, domin daga Kudancin Kaduna zuwa Filato, Gombe da Adamawa, da wuya ka rasa Timothawus a unguwa, ko wata Afiniki, wadda sunan mahaifiyarsa ke nan.

Gidan da ya fito

Timoti mutumin Listira ne, wani ƙaramin gari a yankin Likoniya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Konya, wanda a lokacin ake kira Ikoniya. Sarkin Rum Augustus ya zaunar da tsofaffin sojojinsa a garin, saboda haka hukuma na aiki da Latinanci, kasuwa na ci da Helenanci, talakawa kuma suna magana da harshensu na Likoniya. Sunansa na Helenanci ne, ma'anarsa mai girmama Allah.

Mahaifiyarsa Afiniki Bayahudiya ce, mahaifinsa kuwa Bahelene. Wasiƙa ta biyu ta ambaci kakarsa Loyis, ta ce bangaskiyar ta fara zama a cikin matan nan biyu kafin ta iso gare shi, kuma tun yana jinjiri ya san Littattafai masu tsarki. Amma ba a yi masa kaciya a rana ta takwas ba kamar yadda ake yi wa kowane ɗan Bayahude. Wanda ya tashi a gidan da uwa ke da addininta uba ke da nasa ya san wannan zaman. Dangin uwa suna ganinka ba ka cika nasu ba, dangin uba ma haka.

A garin nan ne Bulus da Barnaba suka gamu da abin mamaki a tafiyarsu ta farko. Bulus ya warkar da wani gurgu, sai mutanen gari suka ɗauka alloli ne suka sauko, suka kira Barnaba Zafsa, Bulus kuma Hamisa, har firist ya kawo bijimai da furanni za a yi musu hadaya. Ba a jima ba aka zuga taron nan, suka jejjefi Bulus da duwatsu, suka ja shi bayan gari suna zaton ya mutu. Wannan labarin yana cikin Ayyukan Manzanni sura 14. A ƙaramin gari irin Listira, babu gidan da labarin ba zai shiga ba. Saboda haka lokacin da Bulus ya dawo wajen shekara ta 49 ko 50, bayan sun rabu da Barnaba a kan batun tafiya da Markus, ya ce yana son saurayin nan ya bi shi, Timoti da uwarsa sun san irin tafiyar da ake kiransa zuwa gare ta.

Me ya sa aka yi masa kaciya, ba a yi wa Titus ba?

Bahaushe zai iya karanta wannan wurin ya wuce bai ga wata matsala ba, domin a wurinmu kaciya abu ne na kowa, Musulmi da Kirista. A duniyar Timoti kuwa ita ce iyakar da ta raba Bayahude da sauran al'ummai, kuma Helenawa suna ganinta a matsayin ɓata jiki. Babbar gardamar ikkilisiyar farko ke nan: wanda ba Bayahude ba, idan ya bi Almasihu, dole ne sai an yi masa kaciya? Taron Urushalima ya ce ba dole ba ne. Bulus ya tsaya kai da fata a kan haka, har ya rubuta wa Galatiyawa cewa Titus, wanda Bahelene ne, ya je Urushalima tare da shi kuma ba a tilasta masa ba.

Sai ga Bulus ɗin nan, yana ɗauke da hukuncin taron Urushalima gari-gari, ya yi wa Timoti kaciya. Luka, marubucin Ayyukan Manzanni, ya ba da dalili a taƙaice: saboda Yahudawan da ke wuraren, domin duk sun san mahaifinsa Bahelene ne.

Masana sun rabu biyu a nan. Wasu, tun daga ƙarni na 19 a Jamus, sun ce mutumin da ya rubuta wa Galatiyawa da irin wancan zafin ba zai aikata haka ba, don haka suna shakkar labarin Luka. Wasu sun ce ai Titus da Timoti ba matsayinsu ɗaya ba. Titus Bahelene ne gaba da baya, idan aka tilasta masa an ce ke nan ba ceto sai da kaciya. Timoti kuwa ɗan Bayahudiya ne da aka rena da Attaura, don haka a idon mutanen majami'ar Yahudawa shi ɗan gida ne da ya yar da alkawarin kakanninsa. Dokar da ta ce ɗan Bayahudiya Bayahude ne an rubuta ta a littafin malaman Yahudawa na Mishna wajen shekara ta 200, kuma masana na muhawara a kan yadda ta kafu a zamanin Bulus. Ko yaya dai, Bulus kan fara wa'azinsa a majami'a a kowane gari, kuma da abokin tafiya irin wannan ƙofar za ta rufe kafin ya buɗe baki.

Ni bayani na biyu ya fi gamsar da ni, domin Bulus da kansa ya ce ga Yahudawa ya zama kamar Bayahude don ya rinjaye su, ya kuma ce kaciya da rashinta duk ba su ne abin dubawa ba. Abin da ba a cika faɗa a wa'azi ba shi ne a jikin wa aka biya wannan farashin. Baligi ne, ba allurar kashe zafi, ga kuma tafiyar ɗaruruwan kilomita a ƙasa tana jiransa. Da wannan ya fara aiki.

Ainihin aikinsa: wanda ake aikawa inda Bulus ba zai iya zuwa ba

Idan ka bi sawunsa a Sabon Alkawari, za ka ga kusan kullum yana kan hanya. A Tasalonika aka tayar da tarzoma, aka kai hari gidan Yason mai masaukinsu, dole Bulus ya fita da dare zuwa Biriya, daga nan aka raka shi Atina. Ya bar sababbin masu bi a tsakiyar tsanani, ba su yi wata nawa da tuba ba. Ya rubuta cewa da ya kasa daurewa, sai ya gwammace a bar shi shi kaɗai a Atina, ya aiki Timoti ya ƙarfafa su. Tsakanin biranen nan biyu akwai tafiyar kimanin kilomita 500, zuwa garin da aka kori maigidansa jiya-jiya.

A zamanin, talaka ba shi da gidan waya. Wanda aka ba saƙo shi ne zai kai, ya karanta a gaban jama'a, ya amsa tambayoyi, ya lura da wanda ya ja baya da wanda ya tsaya, ya dawo ya ba da rahoto. Irin aikin jakada ne a tsohon tsarin sarautarmu, bakinsa bakin wanda ya aiko shi. Timoti ya dawo ya sami Bulus a Koranti da labari mai daɗi, kuma saboda wannan labarin ne Bulus ya zauna ya rubuta wasiƙa ta farko zuwa ga Tasalonikawa, wadda yawancin masana ke ɗauka ita ce rubutu mafi tsufa a Sabon Alkawari. Ana iya sa mata lokaci, wajen shekara ta 50 ko 51, domin wani rubutun dutse da aka tono a Delfi ya nuna Galiyo, gwamnan da aka gurfanar da Bulus a gabansa a Koranti, ya yi mulki wajen 51 zuwa 52. A layin farko na wannan wasiƙar akwai sunaye uku: Bulus, Sila da Timoti.

Aikensa zuwa Koranti ya fi wannan wuya. Ikkilisiyar ta rabu ƙungiya-ƙungiya, wasu na Bulus, wasu na Afolos, wasu na Kefas, wato Bitrus. 'Yan'uwa suna kai juna kotu, wani yana zaune da matar ubansa. Bulus ya aika musu Timoti, ya kira shi ƙaunataccen ɗansa mai aminci cikin Ubangiji, amma a ƙarshen wasiƙar sai ya roƙe su: idan ya zo, ku ga cewa ya zauna a cikinku ba tare da fargaba ba, kada kowa ya raina shi. Rikicin bai kwanta ba. Bulus ya je da kansa, ya dawo da ɓacin rai, daga baya Titus ne ya kai wata wasiƙa mai zafi ya kuma dawo da labarin sulhu.

Daga nan ne aka samo hoton Timoti mai jin tsoro, mai sanyin hali, ana haɗawa da ayar da ta ce Allah bai ba mu ruhun tsoro ba. Ban yarda da wannan hoton ba. Mutanen da suka yi wa Bulus kansa tsaurin ido, ba abin mamaki ba ne su ƙi jin yaronsa. Kuma ba a aika matsoraci Tasalonika.

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi tana cikin wasiƙar Filibiyawa, wadda Bulus ya rubuta daga kurkuku. Ya ce ba shi da wani mai zuciya irin tasa da zai damu da su da gaske, domin kowa sha'anin gabansa yake yi, amma Timoti sun san yadda aka gwada shi, ya yi bautar bishara tare da shi kamar ɗa da ubansa. Wasiƙu 6 ne ke ɗauke da sunansa a gaisuwar farko tare da na Bulus: Korantiyawa ta biyu, Filibiyawa, Kolosiyawa, Tasalonikawa ta farko da ta biyu, da Filimon. Yana kuma cikin ayarin da ya raka Bulus lokacin da aka ɗauki gudunmawar ikkilisiyoyi za a kai wa matalautan Urushalima. An amince masa da saƙo, an amince masa da mutane, an kuma amince masa a tafiyar da akwai kuɗi a ciki.

Shekarunsa nawa?

Lissafin ba shi da wuya. Ya bi Bulus wajen shekara ta 50, kuma a lokacin ya riga ya kai matsayin da 'yan'uwa a garuruwa biyu, Listira da Ikoniya, suke yabonsa. Wasiƙar da ta ce kada a raina ƙuruciyarsa tana maganar wani lokaci ne a ƙarshen rayuwar Bulus, wajen tsakiyar shekarun 60. Wato an yi kusan shekara 15 a tsakani. Ko da yana ɗan 18 ko 20 ya bar gida, to ya haura 30 ke nan.

Me ya sa aka kira shi matashi? Domin haka mutanen zamanin ke ƙidaya. Ireniyus, bishop na birnin Liyon, ya rubuta wajen shekara ta 180 cewa ƙuruciya tana kaiwa har shekara 40. Rumawa kuma suna lissafa namiji cikin samarin da za su iya fita yaƙi har ya kai 46. Mu ma ai haka muke yi. Magidanci mai 'ya'ya huɗu, idan ya shiga zauren dattawa, "yaron nan" za a ce masa.

Wannan ya taɓa ɓangarori biyu. Matashin da ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki bara, yake ganin dattawa sun tare masa hanya, ya kamata ya karanta wasiƙar har ƙarshe. Ita ce ta ce kada a naɗa sabon tuba don kada ya kumbura, ta ce a fara gwada masu hidima tukuna, ta ce kada a yi garajen ɗora wa kowa hannu. Ayar da ake bugawa a riga ma ba ta tsaya a "kada a raina ka" ba, ta ci gaba ta ce ka zama abin koyi a magana, da hali, da ƙauna, da bangaskiya, da tsarki.

Dattawa kuma ba su tsira ba. Na taɓa zama a wani taron majalisar ikkilisiya inda wani fasto mai shekara 35 ya tambayi yadda aka kashe kuɗin ginin, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Aka yi dariya, aka wuce batun, faston ya sunkuyar da kai yana juya biro a hannu. Ina tuna fuskarsa har yau. Wasiƙar da dattijon nan ke karantawa kowace Lahadi ta ba sa'an wannan faston ikon sauraron ƙara a kan dattijo idan akwai shaidu biyu ko uku, da tsawata wa mai naci cikin zunubi a gaban kowa. Sharaɗin da ta sa masa shi ne ladabi: kada ya yi wa tsoho tsawa, ya roƙe shi kamar uba, tsofaffin mata kuma kamar uwaye.

Shin bishop ne?

Kalmomi uku na Helenanci ne ke jawo ruɗanin. Episkopos ma'anarta mai kula ko mai dubawa, daga ita aka samo kalmar bishop. Presbuteros ita ce dattijo. Diyakonos kuma mai hidima, wanda muke kira dikon. A Sabon Alkawari, biyun farko sukan faɗa kan mutane ɗaya. A Ayyukan Manzanni sura 20 Bulus ya kira dattawan Afisa, sannan ya ce musu Ruhu Mai Tsarki ya sa su masu kula. A Filibi ma masu kula da yawa ya gaisar a gari ɗaya.

Wasiƙun ba su taɓa kiran Timoti da sunan episkopos ba. Sun kira shi mai hidimar Almasihu, mutumin Allah, sun ce ya yi aikin mai bishara. An ce masa ya dakata a Afisa don wani aiki takamaimai, ya hana wasu mutane koyar da baƙuwar koyarwa. Daga baya aka kira shi Roma, aka aika Tikikus Afisa. Tsarin bishop ɗaya a sama, dattawa da dikononi a ƙarƙashinsa, ya fito fili ne a wasiƙun Ignatiyus na Antakiya wajen shekara ta 110, kuma bishop ɗin Afisa da ya ambata a lokacin sunansa Onisimus. Masanin tarihi Yusebiyus ne, a farkon ƙarni na 4, ya rubuta cewa Timoti ne ya fara riƙe kujerar bishop ta Afisa.

Katolika, Otodoks da Anglikan suna cewa a duba aikin, a bar sunan: mutumin da ke zaɓen shugabanni, yake ɗora musu hannu, yake hukunta su, yake tsare koyarwa, ai aikin bishop yake yi ko da ba a fara kiransa haka ba. Ikkilisiyoyin da ba su da kujerar bishop, irin su ECWA, EYN da Baptis, sun fi karkata ga cewa wakilin manzo ne da aka ba aiki na ɗan lokaci, jagorancin yau da kullum kuma yana hannun dattawa. Kowane ɓangare yana da abin riƙewa a cikin nassin, kuma ba na jin gardamar za ta ƙare a zamaninmu.

Abin da ya dame ni shi ne hoton da kalmar ke kawo mana a kai: doguwar hula, zobe, jerin motoci. Afisa babban birni ne mai haikalin Artimis, ɗaya daga cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya, da dandalin kallo mai ɗaukar mutum wajen 25,000, inda maƙeran azurfa suka tara jama'a suka yi ta ihu kusan awa biyu saboda wa'azin Bulus ya taɓa cinikinsu. Masu bi kuwa a gidaje suke taruwa, irin gidan Akila da Bilkisu. Aikin da aka lissafa wa Timoti ya haɗa da karanta Littattafai a gaban jama'a, da tantance gwauraye matan da ikkilisiya za ta ɗauki nauyinsu, waɗanda suka kai shekara 60 kuma ba su da mai kula da su, da tabbatar da cewa dattawan da ke wahala a koyarwa sun sami hakkinsu. A jerin sharuɗɗan mai kula da ke Timoti ta farko sura 3, gwaninta ɗaya tak aka nema, iya koyarwa. Sauran duk hali ne: mijin mace ɗaya, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai faɗa ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, wanda har waɗanda ba masu bi ba suke shaidarsa. Duk mai son ya gaji kujerar Timoti, da wannan jerin ya kamata a fara auna shi.

Wa ya rubuta wasiƙun biyu?

Wannan tambayar takan girgiza ɗalibi a shekararsa ta farko a makarantar tauhidi, don haka gara a san ta tun daga gida. Ikkilisiya ta karɓi wasiƙun a matsayin na Bulus tun da wuri. Ireniyus ya yi amfani da su da sunan Bulus, Polikap na Simirna ma tun kafin shi ya yi maganar son kuɗi da kalmomi masu kama da na Timoti ta farko. Amma Markiyon, wanda ya tsara nasa jerin wasiƙun Bulus wajen shekara ta 144, bai sa su a ciki ba.

Shakkar zamani ta fara ne a 1807, lokacin da masanin tauhidi na Jamus Friedrich Schleiermacher ya ce Timoti ta farko ba ta yi kama da rubutun Bulus ba. A 1921 wani Bature ɗan Ingila, P. N. Harrison, ya ƙirga kalmomin wasiƙun Timoti biyu da ta Titus, ya ce cikin kalmomi 848, guda 306 ba sa cikin sauran wasiƙun Bulus goma. Masu wannan ra'ayin sun ƙara da cewa tsarin shugabancin da ke ciki ya fi kama da na ƙarshen ƙarni na farko, kuma tafiye-tafiyen da aka ambata ba su shiga cikin labarin Ayyukan Manzanni ba. A ganinsu wani almajirin Bulus ne ya rubuta da sunan malaminsa bayan rasuwarsa. Wannan shi ne ra'ayin da ya fi rinjaye a jami'o'in Turai da Amurka.

Masu kare tsohon ra'ayi suna da amsa. Bulus kan yi amfani da marubuci, kamar Tartiyas da ya sa gaisuwarsa a ƙarshen wasiƙar Romawa, kuma sabon marubuci na iya kawo sababbin kalmomi. Wasiƙa zuwa ga abokin aiki ba za ta yi kama da wasiƙa zuwa ga taro ba. Ayyukan Manzanni kuma ya tsaya ne Bulus yana tsare a Roma, don haka idan an sake shi ya ƙara yawo kafin Sarki Nero ya kashe shi, tafiye-tafiyen sun sami wuri. Akwai kuma masu tsaka-tsaki da ke ware Timoti ta biyu, suna cewa ita kam muryar Bulus ce.

Ga mai bi na gari, amfanin sanin wannan shi ne ya gane cewa hoton Timoti bai dogara ga waɗannan wasiƙun kaɗai ba. Abin da aka faɗa a kansa a Filibiyawa, Korantiyawa da Tasalonikawa ta farko yana cikin wasiƙun da kusan babu masanin da ke musun na Bulus ne. Inda gardamar ta fi tasiri shi ne a batun mata, domin ayar da ta hana mace koyarwa tana cikin Timoti ta farko sura 2, kuma masu goyon bayan naɗa mata sukan ce umarni ne na wani yanayi a Afisa, masu adawa kuma su ce doka ce ta kowane zamani. Duk inda mutum ya tsaya, ya tuna cewa mutumin da aka aika wa wasiƙar a hannun mata biyu ya koyi Littattafai.

Batun ruwan inabi

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ayar ta ce ya daina shan ruwa zalla, ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan saboda cikinsa da yawan laulayinsa. Abu biyu ta nuna. Timoti ba ya sha, har sai da aka ce masa ya sha. Kuma a matsayin magani aka ce, a zamanin da likitoci ke ba masu ciwon ciki ruwan inabi, mutane kuma suka saba sirka shi da ruwa. Gaskiya ne abin yana da sa maye, masu cewa ruwan 'ya'yan itace ne kawai ba su da hujja, domin da wannan kalmar ce wasiƙar ta gargaɗi dikononi kada su zama masu yawan sha. Amma wanda ya kwana a gidan burukutu ya ce yana bin shawarar Bulus, ya ɗauki rabin aya ne ya bar rabi.

Ƙarshen tafiyar

Sura ta ƙarshe ta Timoti ta biyu takan sa ni yin shiru duk lokacin da na karanta. Bulus ne, ya tsufa, yana kurkuku a Roma, yana jiran hukunci. Dimas ya yashe shi, wasu sun tafi aiki, Luka kaɗai ya rage. Sai ya ce wa Timoti ya yi ƙoƙari ya zo da sauri, ya taho da Markus, wannan Markus ɗin da aka rabu da Barnaba saboda shi. Ya biya ta Taruwasa ya ɗauko masa alkyabbar da ya bari a gidan Karbus, da littattafai, musamman na fata. Ya kuma nanata: ka zo kafin hunturu. Dalili a fili yake, daga wajen tsakiyar Nuwamba zuwa Maris jiragen ruwa ba sa ratsa Bahar Rum, idan bai taso da wuri ba sai bayan wata huɗu. Bayan shekara 15 ana aikensa wurin wasu, aike na ƙarshe shi ne ya kawo wa maigidansa rigar sanyi.

Wasiƙar Ibraniyawa ta ƙara mana abu ɗaya a ƙarshenta: ku sani an saki ɗan'uwanmu Timoti. Wato shi ma ya ɗanɗani kurkuku.

Labarin rasuwarsa ya zo ne daga wani rubutu na baya da ake kira Ayyukan Timoti, wanda masana ke sa shi wajen ƙarni na 5. Ya ce a zamanin Sarki Nerva, wanda ya yi mulki daga 96 zuwa 98, Timoti ya fito ya yi wa masu wani bikin gumaka a Afisa magana, suka far masa da kulake da duwatsu, ya rasu. A shekara ta 356, zamanin Sarki Konstantiyus na biyu, aka ɗauke ƙasusuwan da ake dangantawa da shi zuwa majami'ar Manzanni da ke Konstantinoful, wato Istanbul ta yau. A 1945, ana gyaran babbar majami'ar garin Termoli da ke gaɓar tekun Italiya, ma'aikata suka tono wani akwati tare da allon dutse mai ɗauke da shekarar 1239, an rubuta cewa a nan Timoti almajirin Manzo Bulus yake kwance. Otodoks suna tunawa da shi ran 22 ga Janairu, Katolika kuma ran 26 ga watan, tare da Titus.